Dakta Sadisu da Cincin ɗin Gwaggo Lantana

Duk wanda ya zauna Malumfashi ya san Sadisu, wanda ya laƙa wa kansa Dakta bayan wani kwas na sati biyu. A faɗarsa, shekara goma sha ɗaya rabonsa da sukari, kuma kullum da asuba sai ya yi gudu har bayan gari. Tumbin da ke gabansa kuwa ya ce gado ne.

To, wata ƙungiya ta ɗauke shi ya horar da mata masu rainon yara a makarantu kan abinci mai gina jiki da motsa jiki. Shugabar, Hajiya Turai, ta zo da kanta don ta ga ko za a ba shi sauran garuruwan. Su kuma matan, ba takardar shaida ba aiki, don haka kowa ta nutsu.

Dakta ya hau bayani, ƙaramin makirfo maƙale a wuyan riga, muryarsa na fita ta lasifika. Ya ce su ne ke lalata 'ya'yan mutane da alewa da lemon kwalba, suna ajiye su wuri ɗaya kamar buhunan masara. Ya sa kowa ta zazzage jakarta. Ga cincin a roba, ga fanke, ga lemo. Ya tattare a leda, ya ce da hannunsa zai zubar da gubar nan. Ya raba musu kokwamba da dafaffen zogale ba ƙuli, ya shige ofishin baya ya turo ƙofa.

Mata na tauna zogale kamar awaki, sai lasifika ta yi fusss! Sai ƙwat, ƙwat, ƙwat. Sai gyatsa, doguwa, mai lafiya. Sannan garas-garas. Can aka ji muryar Dakta, baki cike: "Kai! Mai cincin ɗin nan ta iya hannu."

Wata ta tashi za ta kashe lasifikar, Hajiya Turai ta yi mata alama ta zauna. Gwaggo Lantana, wadda ta shekara talatin tana raino, ta gyara zama ta ce a bari, ai darasi ake.

Bayan minti ashirin ya fito yana goge baki, ya ce ya ƙone komai ƙurmus. Hajiya ta yaba masa, ta ce tunda lokacin motsa jiki ya yi, ya nuna musu tsallen igiyar da za su koya wa yara. Ta ce hamsin kawai, ai ga mai gudun asuba wasa ne.

Ya yi ɗaya. Ya yi biyu, ciki na ƙulu-ƙulu a lasifika. A na huɗu igiya ta harɗe shi, ya zauna daɓas, yana haki kamar tsohon injin markaɗe. Ya ce takalmin ne.

Gwaggo Lantana ta taso a hankali, ta miƙa masa ruwa, ta sunkuya daidai makirfon yadda kowa zai ji.

"Sannu Dakta, ɗan nan. Na gode da yabo, ni ce mai cincin. Gubar dai ka sha wahalar zubar mana. Robar kawai za ka miƙo mini, ta aro ce."