Rasuwar Mai Haki, Kwamfutar da Muke Kallon Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk masu kawo ɗinki shagona rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Mai Haki. Ta cika ranar Asabar da yamma a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da kwalin zare, tana tsaka da aikinta. Ba mu san shekarunta ba, domin da tsufanta ta zo mana.

Wani ofishi ne ya sallame ta, Kawu da yake gadi a wurin ya roƙa aka ba shi, ya kawo mana. Ta zo da haruffa biyu a ɓalle, batirinta ba ya riƙe wuta, kuma sai an tokare murfinta da gwangwanin maɓallai kafin ta iya zama. Sunanta daga numfashinta ta samo shi. Da an kunna ta sai ta fara "fuuu, fuuu", kamar wadda ta hau bene da kaya a ka.

Ga wanda bai sani ba, ƙanwata Auta 'yar ƙwallo ce, baya take tsarewa. Shekaru biyu ke nan da wata ƙungiya a gari mai nisa ta ɗauke ta. Mama kuwa tun da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, iyakarta daga ɗaki zuwa shago, kuma idonta ba ya ganin hoton waya. Tashar da ke nuna gasar sai an biya kuɗin wata, aljihun tela kuma bai kai nan ba. A wannan hali marigayiya ta same mu, ta rufa mana asiri.

Ba ta taɓa raina hanya ba. Idan ƙungiyar ta saka wasa kyauta a shafinta, mu bi. Idan ba ta saka ba, marigayiya ta bi lungu-lungu har ta kai mu wani shafi inda mai sharhi yake magana da harshen da babu wanda ya sani a cikinmu. Ta taɓa nuna mana wasa guda daga wayar wani bawan Allah da ke zaune a filin, rabin hoton ƙeyar na gabansa ne. Ta yi rajistar satin gwaji na kyauta da sunana, da sunan Mama, da sunan Kawu, har sai da dangi suka ƙare. Tallace-tallace na faɗo mata ta ko'ina, na caca da na maganin ƙiba, in rufe ɗaya uku su fito, ba ta taɓa yin fushi ba. Iyakarta ta ce "tin", ta ci gaba da haki.

Tana da nata halin. Takan daskare daidai lokacin da aka buga ƙwallo zuwa raga, ta bar mu da ɗan zoben nan yana juyawa. In ta farfaɗo, sai mu tarar ana runguma, sai daga launin riga za mu gane ko murna za mu yi.

A duk tsawon wannan lokaci, Auta a benci take. Muna kallon wasa daga farko har ƙarshe don a haska benci sau ɗaya. In an haska, Mama takan sa yatsa a kan gilashin ta ce, "Ga ta nan. Ta rame. Ba sa ba su abinci ne?" Kawu, wanda ya rantse ƙwallon mata ba ƙwallo ba ce, da farko a bakin ƙofa yake tsayawa wai caji ya zo sawa. Daga baya shi ke riga kowa kama kujera, shi ke faɗa wa alƙaliyar wasa cewa ba ta da ido.

Jinyar marigayiya ta fara ne da zazzaɓi. Jikinta kan yi zafi har ba a iya taɓawa, sai na ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu, Mama na yi mata fifita da kwali. Mai gyara ya duba ta ya ce a rage mata aiki. Na ce masa sau ɗaya take aiki a mako. Ya ce sau ɗayan ma ya yi mata yawa.

Ranar Asabar ta tashi da ƙyar. Na samo wasan a wani shafi mai hoto dishi-dishi, muka zauna. Bayan hutun rabin lokaci wata 'yar baya ta faɗi ta riƙe gwiwa, aka shigo da makara ta 'yan wasa. Sai aka haska benci. Muka ga koci ta juya ta yi nuni. Muka ga Auta ta miƙe, ta tuɓe rigar sama, ta durƙusa tana ɗaure takalmi. Mama ta ajiye kwalin fifita ta kama hannuna. Kawu ya miƙe tsaye. Auta ta zo bakin layi, aka ɗaga allo da lambarta.

A nan marigayiya ta ja dogon numfashi, ta ce "ƙirrr", ta yi shiru. Gilashin ya yi baƙi, sai fuskokinmu uku a ciki.

Na danna, na cire wayar caja na mayar, na hura mata iska da bakina. Na ɗauko wayata, shafin ya ƙi buɗewa, na biyu ya ce sai na biya, na uku ya kai ni wasan maza. Kafin in samu hanya an tashi. Irin waɗannan shafuka ba sa ajiye komai, kuma ɗan guntun da ƙungiyar ta saka washegari, ƙwallayen da aka ci kawai ya nuna.

Da daren ranar Auta ta kira. "Mama, kin gan ni?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Mama ta matse mini hannu.

"Na gan ki, Auta. Na ga kina ɗaure takalmi. Kin ɗaure shi da kyau."

"Ƙwallon da na cire a kan layin raga fa? Kin gani?"

Mama ta ce, "Ba ni labarinta da bakinki, ya fi daɗi."

Auta ta ba ta labari tiryan-tiryan, Mama na saurare, hawaye na sauka a kan zaninta. Da suka gama ta miƙo mini wayar, ta shafa murfin marigayiya ta ce, "Kin yi ƙoƙari."

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta da bai taɓa aiki ba, da gwangwanin maɓallai wanda yanzu ba shi da abin tokarewa. Ta bar Mama, ta bar ni, ta bar Kawu wanda tun ranar yake cewa ƙura ce ta faɗa masa ido.

Mai gyara ya tabbatar babu sauran dabara. Za a kai ta shagonsa ranar Alhamis da safe, inda za a cire abin da zai amfani wasu, sauran a sa a kwali. Kawu ne zai ɗauke ta, tunda shi ya kawo ta.

Za a karɓi gaisuwa a shagona ranar Asabar mai zuwa. Ba ma buƙatar a kawo komai na ci. Amma duk mai kwamfuta, ko waya mai faɗin fuska wadda tsohuwa za ta iya gani, muna roƙo ya zo da ita cike da caji, kuma ya zo kafin ƙarfe huɗu. Koci ta ce da Auta za a fara wasan ranar.