Daga-Yau Ya Haramta Matsala

Allah ya yi masu basira da yawa, amma da aka zo kan sabon manajan kamfanin sabulu, sai aka auna masa har da gyara. An tura shi taron bita na 'yan kwanaki, ya dawo da jaka mai tambari, da biro mai tambari, da ilimin da ya fi ƙarfin kansa. Duk jawabinsa da "daga yau" yake farawa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin ma'aikata, ya koma Daga-Yau.

"Daga yau babu zama a wurin taro!" in ji shi wata Litinin. "Bincike ya nuna kujera ce kabarin tunani."

Aka kwashe kujeru. Aka bar guda, mai juyawa, domin shi nasa tunanin ya riga ya ƙosa, ba ya tsoron kabari. Akantan kamfanin, dattijo mai ciwon gwiwa, ya jingina da bango ya raɗa wa na kusa da shi cewa tunanin ya zo masa, sai dai a gwiwa ya tsaya.

Ba a gama hutawa ba ya sake tara su. "Daga yau mu 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya! Ɗan uwa ba ya rufe wa ɗan uwansa ƙofa."

Kafinta ya zo ya ɓalle ƙofofin ofisoshi kaf. Tasa kaɗai ta tsira, saboda na'urar sanyaya ɗaki. Wanzami dai ba ya son jarfa. Anti mai buga takardu ta share gumi ta ce tunda an zama 'yan uwa, a gaya wa Yaya ya zo a raba gadon sanyin nan.

Da haka suke cinye ranar. Abin da ya fi ƙarfin kuka, sai a yi masa dariya.

Sai babbar hikimar ta sauko. "Daga yau kalmar matsala ta mutu a kamfanin nan! Babu matsala, sai dama. Duk wanda na ji ta a bakinsa, ya kama hanyar gida."

Ba wasa yake ba. Mai kula da sito ya yi suɓul da baka, aka dakatar da shi mako guda. To, kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Direba ya kawo rahoton dama a tayar baya. Injin gauraya sabulu ya samu dama har da hayaƙi. Anti ta nemi izinin zuwa asibiti domin dama ta kama ta a haƙori.

Ranar da Daga-Yau yake tsakiyar jawabi kan nasarar shirin, Baba mai gadi ya leƙo yana haki. Mutum ne mai iyali, ba shi da niyyar kama hanyar gida. Ya tauna maganar sosai kafin ya fitar da ita.

"Ranka ya daɗe, akwai dama a waje."

"Ƙarama ko babba?"

"Babba. Kuma tafiya take."

"Kun gani?" Daga-Yau ya buɗe hannuwa yana juyi a kujera. "Har mai gadi ya waye! Baba, dama ba ta gudun mai hangen nesa. Ta jira in kammala."

Ya kammala a tsanake, har ya nemi tafi. Sannan ya fita, ma'aikata na biye da shi.

Damar ba ta jira ba. Motarsa ce, sabuwa dal, da ya ajiye a gangare bai ja birkin hannu ba. Ta sulale ta fice ta ƙofar shiga, ta kafa hanci a kwatar bakin titi, bayanta na kallon sama.

Ya ɗora hannu a ka. "Wayyo! Wannan ai babbar ma..."

Ya waiga. Idanu sun yi masa caa, kunnuwa a miƙe. Ya haɗiye sauran da ƙyar kamar ƙwayar magani.

Akanta ya ɗingiso ya kama hannunsa da hannu biyu, fuska cike da ladabi.

"Barka da dama, ranka ya daɗe. Allah ya maimaita."

Kamfanin gaba ɗaya ya amsa da amin.