Ranar da na hana waya barci

Ni fa na yi lakwal har aji huɗu, saboda haka ba a koya mini waya. Ƙanena ya ce in zauna gidansa a Magarya kusa da wifi, in jira labarin haihuwar 'yata ta fari daga Kano. Nan da nan na gano ciwon wayar: da fuskarta ta yi duhu, sai rezo, wato sabis, ya gudu. Na ce to, barci ne. Ni da na yi gadin gero, waya ce za ta gagare ni?

Na zagaya bayan ɗaki, na danne ta da babban yatsa, ina yi mata hira. A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, tun da aka haifi yarinyar nan "waccan" nake ce mata. Amma da na ga ba kowa, sai na saki baki: "Haba waya, kar ki runtsa! Rakiyata ce ke naƙuda. Rakiya, 'yar lelen Baba!" Har da waƙa, har da shessheƙa.

Ashe yatsan nan kan maɓallin ɗaukar murya yake. Ina ɗagawa ta tafi gurup ɗin dangi, surukai duk suna ciki.

An sauka lafiya, namiji. Amma kafin barka, matar ƙanena ta leƙo tana riƙe ciki don dariya: "Yaya, kai ke naƙudar ko ita?"

Har yau in na gitta majalisa a garinmu Dogo-Dogo, sai wani tsohon banza ya marairaice murya: "Sannu, Baban 'yar lele!"