Daga Ɗari Zuwa Casa'in da Tara

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka kai goro Bawku ba, kuma duk ranar da na tuna sai raina ya sake ɓaci sabo fil. Tun kafin in fara bari in faɗa muku: na yarda ina da laifi, amma ba ni kaɗai ba. Babban kason na wanda ya zauna a can ƙasarsu ya ƙera talabijin ɗin surukina ne, kuma ni da shi sai dai Allah ya isa.

Ni ɗan Yendi ne, amma a Salaga nake sayar da kayan gyaran babur. A nan na haɗu da Azara, nas ce, 'yar Bawku, aiki ya kawo ta. Muka daidaita, ta kai magana gida. Mahaifinta Alhaji dillalin shanu ne, irin dattawan nan da ba sa dariya sai da dalili. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya sa aka yi bincike a kaina. Masu binciken (Allah ya saka musu daidai aikinsu) suka koma suka ce yaron ba ya sha, ba ya sata, yana salla, amma ba shi da nutsuwa, in ana buga ƙwallo rufe shago yake yi ko da mai babur na tsaye a ƙofa. Ƙarya suka yi? Ba su yi ba. Amma don Allah kowace gaskiya ce ake kwasa a kai wa uban yarinya?

Azara ta kira ni a waya ta ce, "Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai bar ta tana naƙuda ya tafi kallon fanareti ba. In manyanka suka zo, a kan wannan kaɗai zai tsare su."

Manyan nawa su biyu ne: Baba Seidu, ƙanin mahaifina, da Malam Iddi, limamin masallacin unguwarmu a Yendi. A al'ada mai neman aure ba ya zuwa wurin kai goro, ba a ganinsa, ba a jin muryarsa. Sai dai Baba Seidu ya ce bayansa ba zai iya zaman lori, motar haya, a kan hanyar Gushegu ba, kuma cikin su biyun ba wanda ya taɓa riƙe sitiyari. Haka na aro motar wani abokina, na zama direban neman aurena.

Tun muna gangaren dutsen Nakpanduri Baba Seidu yake ja mini kunne. "In mun isa, cikin mota za ka zauna. Kada ka fito, kada ka leƙa. Yau kai direba ne, ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Wanda bai taɓa zama cikin mota a Bawku da tsakar rana lokacin bazara ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. Su Baba suka shiga da ƙwaryar goro, ni kuma na zauna ina narkewa, rigar da na sha wahalar gogewa ta manne mini a baya. Can sai ga Hajiya, mahaifiyar Azara, ta zagayo ta ƙofar baya ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ɗana, rana za ta kashe ka a ƙofar gidana? Biyo ni."

"Mma, Baba ya ce kada in fito."

"Babanka ba shi ne zai yi jinyarka ba. Taho."

Ta bi da ni ta lungun kicin, ta shigar da ni wani ɗaki mai fanka, ta ajiye mini ruwan sanyi. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ɗakin Alhaji ne, bai san kana ciki ba. Labulen nan kaɗai ya raba ka da su. Ko tari kada ka yi." Ta fita ta ja ƙofa.

Na ɗaga kai, sai ga talabijin a jikin bango, faffaɗa, a kunne. Wani mutum mai kwat yana karanta labarai, baki na motsi, amma ba sauti. A gefen allo ga ɗan hoton lasifika da aka ja wa layi. Wato da baƙi suka yi sallama Alhaji ya danna miyut, maɓallin nan da ke toshe murya, ya fita. A kan tebur ga rimot biyu, na talabijin da na dikoda mai kamo tashoshi, duka baƙaƙe, duka an nannaɗe su da leda.

Ranar kuwa ƙungiyarmu na buga wasan da in ta faɗi an fitar da ita. Wallahi na yi ƙoƙari. Na kalli fanka, na kalli kalandar da ke bango, na ƙirga farcena. Sai zuciya ta ce, ai hoto ba ya ƙara, wa zai sani? Na ɗauki rimot ɗin dikoda na juya tasha. Ga koren fili, ga 'yan wasa na gudu, shiru kamar masallaci bayan asuba. Na ce alhamdulillahi, na gyara zama.

Ta bayan labule kuwa komai ina ji, domin Alhaji kunnensa ya yi nauyi, duk mai magana da shi sai ya ɗaga murya kamar yana ciniki a kasuwar shanu. An gama gaisuwa, an tambayi gajiyar hanya, an tambayi Yendi da ruwan sama. Sai Alhaji ya zo kan magana.

"An ce yaron naku ƙwallo ta fi masa sana'arsa."

Baba Seidu ya yi gyaran murya ya ɗaga sauti. "Alhaji, wannan da ne! Yarinta ce! Yanzu ya nutsu, ko hanyar gidan kallo ba ya bi!"

 Dattijo na can yana jingina mutuncinsa a kaina, ni kuma ina nan bayan labule da ƙwallo a gabana. Mai hankali da sai ya kashe talabijin ɗin. Amma an ba mu bugun kusurwa (ku da ba ku san ƙwallo ba, ba zan iya yi muku bayani ba), sai na ce bari in yi dabara. Tunda Alhaji ba ya ji sosai, lallai muryar talabijin ɗinsa a sama take. In wani abu ya saki miyut ɗin nan, na shiga uku. To, bari in sauke muryar zuwa ƙasa tun tana toshe, in huta da fargaba.

Ku lura, taka-tsantsan nake yi! A nawa talabijin ɗin na Salaga haka nake yi kullum in ana kiran salla: in danna miyut, in danna maɓallin ragewa, lamba ta yi ta sauka, shirun yana nan daram. Ina zan san cewa kowane kamfani da nasa ra'ayin? Ashe a na Alhaji, duk maɓallin murya da ka taɓa, na ƙarawa ne ko na ragewa, talabijin ɗin ɗauka yake kana son ji. Miyut ba ya rage komai, riƙe muryar kawai yake yi a inda aka bar ta, yana jiran wawan da zai taɓa. Na ɗauki rimot ɗin talabijin, na nemi alamar ragewa a hankali ta cikin leda, na danna.

Innalillahi! Ɗakin ya ɗauka. Mai sharhi da harshen Twi ya kurma ihu, 'yan kallo da ganguna da ƙahonni duka suka zubo cikin ɗakin Alhaji, har gilashin taga na rawa. A ƙasan allo kuwa ga lamba ta fito tsaf: casa'in da tara. Daga ɗari! Wai ya rage mini! Na ce a rage, ya cire ɗaya, ya watsa mini sauran a fuska. Don Allah wane mai hankali ne ke ƙera maɓallin ragewa ya zama shi ke buɗe murya? Tsohon akwatin mahaifina mai ƙaton baya, murɗawa kake yi hagu ya yi shiru, magana ta ƙare. Wannan kuwa an cika shi da wayo, wai dijital, amma bai san an yi baƙi a falo ba.

Rimot ya suɓuce daga hannuna don firgita. Na duƙa na wawuro, na shiga danne-danne ina neman miyut. Ashe na dikoda na ɗauko (na gaya muku duka baƙaƙe ne, duka cikin leda). Tasha ta canza. Da ma labarai ta koma, da da sauƙi. Sai ta faɗa kan tashar nan ta masu maganin gargajiya, kuma kun san tallace-tallacensu sun fi komai ƙara. Wata mata ta gama da Twi, ta juyo da Hausa tiryan-tiryan:

"Maigida! In ka shiga bayi kana daɗewa? Zama na yi maka wuya? Basir ne! Kada ka ji kunya!"

A gaban liman. A gaban ƙwaryar goro. Na yi tsalle na nufi bango in zare waya. Wayoyi sun cakuɗe a soket ɗaya, na fizgi ta farko, fanka ta tsaya. Na fizgi ta biyu, na ji firij ya yi shiru a wani wuri. Matar nan kuwa har ta fara lissafa alamomin ciwon ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta ɓoye komai. Sai a ta uku talabijin ya mutu.

 Labule ya ɗaga. Ga Alhaji tsaye da carbi, bayansa Baba Seidu, bayansa Malam Iddi. Ni kuma ina durƙushe a gindin bango, wayoyi a hannu, gumi na ɗiga daga haɓata. Tunda dai a durƙushe nake, sai na ce, "Sannu da gida, Baba."

 Alhaji ya juya wajen su Baba ya ce, "Wannan fa?"

Baba Seidu ya ce, "Direbanmu ne, Alhaji."

Malam Iddi ya sunkuyar da kai. Liman ne, ba zai iya goya wa ƙarya baya ba. Ya matso kusa da kunnen Alhaji, ya ɗaga murya yadda har matan cikin gida za su ji: "Alhaji, shi ne yaron!"

Alhaji ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Shi ne wanda ya nutsu ɗin?"  Ya ƙara da cewa, "Shekara da shekaru ina fama da kunne. Yau kam na ji komai." Ya koma falo, ya tura ƙwaryar goron gaban Baba Seidu, ko ganyen da aka rufe ta da shi bai ɗaga ba. "Ku koma da shi tukuna. Za mu neme ku."

Kun san abin da ake nufi in aka dawo wa mutum da goronsa. Ni na ɗauko ƙwaryar da hannuna na sa a but ɗin mota. Muka bar Bawku, muka wuce Garu. Malam Iddi na jan carbi, Baba Seidu na kallon taga. Sai da muka fara hawan dutse ya buɗe baki, ba tare da ya dube ni ba.

"Da furfurata ka sa na yi ƙarya sau biyu a gidan mutane."

Na ce, "Baba, wallahi ragewa na danna."

"Rufe mini baki ka tuƙa mota."

Da yamma Azara ta kira tana kuka, kukan haushi. "Kai wane irin mutum ne? Awa ɗaya aka ce ka zauna! Mma tana can Baba ya daina yi mata magana saboda ita ta shigar da kai." Na fara yi mata bayanin yadda talabijin ɗin gidansu ya bambanta da nawa, ta kashe waya. (Na lura duk wanda na yi wa wannan bayani, a daidai nan yake daina saurare.) Wannan ne ya fi yi mini ciwo: baiwar Allah ta tausaya mini saboda rana, ni kuma na jawo mata faɗa da mijinta.

Damina ta shigo ta fita ba a neme mu ba. Na daina rufe shago, ba don na daina son ƙwallo ba, sai don na san akwai masu kai rahoto. Baba Seidu ya yi rantsuwa ba zai sake taka Bawku ba, sai da mahaifiyata ta yi ta roƙonsa. Ya koma ba sau ɗaya ba, a lori, da ciwon bayan nasa, kuma ya hana kowa gaya mini ranar tafiya. Hajiya ma ta yi nata ƙoƙarin ta cikin gida. Daga ƙarshe Alhaji ya karɓi goro, ya ce ya karɓa ne don dattijon da ya sha hanya, ba don direban ba.

Yanzu ni da Azara muna da 'ya ɗaya, kuma ranar da aka haife ta ina ƙofar ɗakin haihuwa, ku tambayi kowa a Salaga. Darasin da na koya shi ne, in ka shiga gidan mutane ka tarar da abu ya yi shiru, ba kai ka sa shi shirun ba, to ka naɗe hannunka, ko da niyyarka ka ƙara masa shiru ne. Alhaji yana mutunta ni yanzu, har yakan aiko mini da nama lokacin layya. Amma har gobe, in na je Bawku na yi sallama, sai ya miƙa hannu ya kwashe rimot ɗin duka biyun ya zura a aljihun babbar riga, sannan ya ce, "Wa'alaikumus salam, shigo."