Magajiya Ta Rasu da Zuciyar Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, iyalan Malam Sabo na Badarawa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar a-kori-kurarsu, wadda unguwa ta sani da suna Magajiya. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a hawan da ke kaiwa maƙabarta, tana bakin aiki.

Marigayiya mai ci ce, kada a ɓoye. Injinta mai fulogi shida ne, ba ta wuce gidan mai ba ta waiwaya ba. Amma ba ta ci a banza ba. Ta yi dakon masara da siminti, ta kai gadajen amare, kuma duk wanda ya rasu a layin ita ke kai shi makwancinsa. Musulmi ta ɗauki makararsa, Kirista ta ɗauki akwatinsa, Malam Sabo bai taɓa karɓar ko na mai a kan gawa ba. Da safe takan yi kaki, kuf, kuf, sannan ta saki murya, gurrr, har tagogin maƙwabta su amsa.

Ciwon ajalinta ya faro ne shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka. Malam Sabo ya zauna majalisa, ya saurari masu cewa babban inji alfahari ne, tattali shi ne hankali. Maƙwabcinsa Malam Sambo, tsohon direba, ya gargaɗe shi cewa motar da ke kai gawa ba a rage mata numfashi. Bai ji ba. Ya kai ta gareji aka ciro injinta, aka dasa mata ƙarami mai fulogi huɗu. Nata injin kuwa aka sayar wa Barnabas kafinta na Kurmin Mashi, ya sa a tasa motar. Tattali ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka rage wa mai aiki zuciya, ka bar mata kayanta yadda suke.

Ta dawo gida da muryar da ba tata ba, siririya, mai tsoro. Shan mai ya ragu, wannan gaskiya ne. Hawa kuwa, sai ta yi ta kakkarwa.

Ranar Talatar Allah ya yi wa Malam Sambo rasuwa. Aka ɗora makararsa, maza suka hau suka kewaye ta. A tsakiyar hawa Magajiya ta yi huci, fff, ta yi shiru, ta fara komawa da baya. Mutane suka diro suna cusa duwatsu a ƙarƙashin tayoyi. Ana shirin ɗaukar makara a kafaɗa, hanya da sauran nisa, sai Malam Sabo ya ji gurrr a bayansa. Ya waiwaya, don ya san muryar. Barnabas ne, ɗauke da katako. Bai jira a roƙe shi ba, ya zube katakonsa a bakin titi, aka mayar da makara cikin motarsa. Ya murɗa makulli: kuf, kuf. Haka zuciyar Magajiya ta kai Malam Sambo, gangar jikinta tana kallo.

Tun ranar, in Barnabas ya wuce ta titi, Malam Sabo yakan miƙe daga tabarma da makulli a hannu, ya leƙa, ya tarar da ita kwance a gindin dalbejiya. Wani lokaci yakan miƙe alhali titin babu kowa. Matarsa Zuwaira ta daina tambaya.

Ta rasu ta bar Malam Sabo, da jarkar man da ta tara masa wanda bai da inda zai zuba, da tsofaffin layi, Musulmi da Kirista, waɗanda yanzu suke duban juna a majalisa, kowa da tambayar wa zai kai shi makwanci a bakinsa, ba mai furtawa.

Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce. Masu zuwa gaisuwa ana roƙonsu kada su yabi tattalinta. Za a tashi daga ƙofar gida ranar Asabar da hantsi zuwa Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, inda za a yayyanka ta. Motar Barnabas ce za ta ja ta da igiya. Da yake motar da ake ja sai an riƙe mata sitiyari, Malam Sabo ya ce shi zai zauna ciki, ya bi muryarta a baya har can.