An Yi Rashin Ɗan Tsako

Wani kamfanin ƙasar waje ya so wasansa na waya ya samu karɓuwa a nan, sai ya nemi wanda zai mayar da shi Hausa. Ni aka ba aikin, kuma na karɓe shi da nutsuwar wadda ta daɗe tana jiran duniya ta gano ta.

Wasan na ɗan tsako ne mai tsallake titi. In mota ta buge shi, sai rubutu ya fito cewa ka faɗi. Na ga kalmar ta bushe, ba tausayi a cikinta. Na ce musu Bahaushe mutum ne mai zuciya, suka amince. Na rubuta: "An yi rashi. Allah ya ba ku haƙuri."

Don alfahari na sa wa Gwaggo, ƙanwar babana, wasan a wayarta, na buga mata shi sau ɗaya har mota ta buge ɗan tsakon, na tafi na bar shi a buɗe. Ashe wani yayanta da ke garin Diko yana kwance ba lafiya. Ta duba waya, ta ga rubutun, ta yafa mayafi, ta hau mota daga Suleja tana kuka. Ta iske shi yana shan fura.

"Wa ya rasu?" ya tambaye ta.

"Kai mana, Yaya."

Kamfanin ya koma wa kalmarsa busasshiya, ya kuma nemi wani mai fassara. Gwaggo kuwa har yau in ta ga an yanka kaza a gidanmu, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yata, ya haƙuri?"