An Raba Gwamna Gida Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙasansa da ya fi baƙin ciki zafi, Miss Icilda Panton, mai shagon da ke kwanar kasuwar kifi a Port Morant, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwamna, akwatin kiɗan shagonta. Ya cika ranar Talata da hantsi, a ƙarƙashin zarton Linval mai gyaran rediyo. Miss Icilda ba ta yi boko ba, amma ta ce a rubuta yadda ta faɗa, kada a sa wa maganar sukari.

Mijinta, marigayi Maas Clevie, shi ya haɗa Gwamna da hannunsa, da katakon wani kwalekwale da ya gaji da teku. Babbar lasifika a ciki, ƙaramar a ka, duk a jiki ɗaya. Gwamna mai baki ɗaya ne: abin da ya faɗa wa na hagu, shi ya faɗa wa na dama. Da safe in an kunna shi sai ya yi gyaran murya, "hmmm", kamar dattijo zai fara addu'a, sannan ya ce "dum, du-dum" har kwalabe su amsa a kan kanta. Guguwar da ta kwashe rufin shagon ta bar shi a tsaye. An sha zuba masa giya bai yi maye ba. Kaza ta yi ƙwai a bayansa bai kai ƙara ba.

Babban aikinsa kuwa kaset ɗaya ne. A duniyar nan babu inda muryar Maas Clevie ta saura sai a cikinsa, yana waƙa da abokansa masu kaɗa banjo, wata irin molo, a wani biki. Kullum da yamma Gwamna kan sa shi, muryar ta fito daga kusurwar da kujerar Clevie take, ta zauna daram. Haka mai ita yake. Mutum ne da bai taɓa tashi ya ɗauko wa kansa gishiri ba.

Ciwon ajalin ba wani ciwo ba ne, ɗan "zzz" ne kamar sauro. Aka kira Linval. Ya duba, ya ce, "Miss Icy, kunne biyu Ubangiji ya ba ki. Akwati ɗaya ai an daina yayinsa, yanzu sitiriyo ake yi."

Ta ce, "Kashe min sauron, ka bar yayi inda ka gan shi."

Ta tafi tarar masunta. Kafin ta dawo ya tsaga Gwamna. Gindin yana bakin ƙofa, kan yana rataye a taga, ga wani ɗan inji a tsakani da waya kamar hanjin kaza. Wai injin tankaɗe sauti yake yi: mai kauri ya tura hagu, siriri ya tura dama, ɗaki ya cika. Wa ya ce masa muryar mijin mutane garin rogo ce?

Da yamma aka sa kaset. Clevie ya fara da muryarsa ta ƙasa a bakin ƙofa. Da waƙar ta hau, sai ga shi a taga. Ta sauko, ya koma ƙofa. Ya yi tari a nan, ya ja numfashi a can. Mutumin da aka yi wa sani a zaune, ga shi yana safa da marwa a tsakiyar shago.

Maas Zekiel, shugaban masu wasan domino a teburin shagon, ya kife 'ya'yan wasansa a hankali ya ce, "Icy, tsakaninki da Allah, kun juya katifar mutumin nan a dare na tara da rasuwarsa, don kada kurwarsa ta dawo?"

Sista Adassa ta coci ba ta jira amsa ba. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Clevie na yawo." Ta fita da baya.

Tun daga ranar nan teburin domino ya koma gindin bishiya a tsallaken titi. Mai son sabulu daga waje yake miƙo hannu. Gari ya ɗauka cewa Icilda Panton ba ta sallami mijinta yadda ya kamata ba. To, a ji da kyau: ta juya katifa, ta sauya wa gado wuri, ta yanka akuya, an yi waƙa har muryoyi suka dushe, kuma masu wannan maganar su suka fi kowa shan romo. Clevie ya kwanta lafiya. Linval ne ya tashe shi.

Da ta je wa Linval, cewa ya yi, "Haba Miss Icy, ba ki ji yadda sautin ya yi faɗi ba?"

Ta ce, "Faɗi na aike ka nema? Miji ɗaya na aura, a wuri ɗaya na bar shi."

Marigayi Gwamna ya bar gindi da kai, waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ya bar kaset ɗaya, da kujera ɗaya, da kazar nan da har yanzu take zagaya inda yake tana neman inuwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a bayan shago, gindin mangwaro. Fasto ya ce ba ya yi wa katako addu'a, amma zai zo cin kifi. Akwai soyayyen kifi da burodi, akwai romon kan akuya. Masu domino su dawo da teburin da suka ɗauka, ba nasu ba ne.

Ana gayyatar Linval musamman. Ya zo da wayar haɗi, ya bar zarto a gida. A gaban jama'a zai mayar da muryar Clevie rami ɗaya, a kusurwar kujerarsa, ya kuma faɗa da bakinsa, yadda Sista Adassa za ta ji, cewa shi ya sa mamaci yawo. In ya yi haka, a ba shi kujera. In bai yi ba, abincinsa ma a shirye yake: naman a bakin ƙofa, romon a taga.